Farashi Daga Yamai, Wuta Daga Katsina: Dokokin Makamashi a Ma'aunin Ɗan Kasuwar Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dokokin da Jamhuriyar Nijar ta kafa kan wutar lantarki da man fetur da ruwan fampo tsakanin 2000 da 2025, ta fuskar mai sana'a a birnin Damagaram. Hujjar da ta kafa ita ce dokokin sun ƙware wajen yanke farashi da ba babban mai zuba jari lamuni, amma sun bar asarar ɗaukewar wuta da ƙarancin mai a wuyan ƙaramin ɗan kasuwa. An bi ta kan dokar lantarki ta 2016, da tsarin farashin mai tun buɗe matatar SORAZ a 2011, da abin da ya biyo bayan katse wutar Najeriya a watan Agusta 2023, sannan aka kawo gyare-gyaren da za a iya yi ba tare da jiran sabuwar tashar wuta ba.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta rahotannin makamashi na Nijar ya san da abin da suke farawa: megawat nawa aka girka, gidaje nawa aka jona wa wuta, saura shekara nawa a kai kashi 80 cikin 100 da tsarin ƙasa na 2018 ya sa a gaba kafin 2035. Waɗannan alƙaluma suna da amfaninsu. Sai dai mai injin niƙa a Zango, da mai walda a Sabon Gari, da mai ƙanƙara a bakin Kasuwar Dole, abin da ke gabansu daban ne. Nawa zan biya? Yaushe abin zai zo? In bai zo ba, wa zai ɗauki asarar? Dokokinmu sun amsa tambaya ta farko dalla-dalla, har da ɗigon sefa. Ta biyu sun taɓa ta sama-sama. Ta uku kuwa, a aikace, an bar wa ɗan kasuwa ya amsa wa kansa.

Wannan ciniki tsakanin mulki da fatauci tsoho ne a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884 ya kuma kewaye Birni da ganuwa, garin ya zama matattarar ayarin da ke kai da kawowa tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus. Fatake suna biyan abin da aka yanka masu, suna kai gaisuwa fada, kuma abin da suke samu a madadin haka shi ne amincin hanya da masauki a zango. A inuwar wannan tsari attajirai irin Malam Yaro suka yi suna. Ayyukan André Salifou da Stephen Baier kan tarihin wannan yanki sun wadatar a nan, ba sai na maimaita su ba. Abin da nake ɗauka daga ciki ɗaya ne: bafatake yana iya jure tsadar fito in ya san ayarinsa zai isa. Da wannan ma'auni zan auna dokokin yau.

2. Inda Damagaram take a taswirar wuta

An kafa kamfanin wuta na NIGELEC a 1968, kuma har yau Nijar ba ta da layi guda da ya ɗinke ƙasar daga yamma zuwa gabas. Yamai da Doso da Tilaberi suna shan wuta ta layin Birnin Kebbi, wanda ya fara aiki a 1976. Agadas da Arlit sun dogara da tashar kwal ta SONICHAR. Difa tana nata gefen. Damagaram da Maraɗi da Tawa kuwa an haɗa su a rukuni ɗaya, wanda jijiyarsa ita ce layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu gabas da yamma.

Shekara da shekaru wannan tsari ya yi wa kowa daɗi. Wutar Najeriya ta fi ta injin gazuwal araha nesa ba kusa ba, har ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa daga can yake zuwa. Arahar ce ta sa farashin wuta ya zauna wuri guda daga 1994 har 2017, ita ce kuma ta sa ba a ga gaggawar gina tashoshin gida ba. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta katse layukan a farkon Agusta. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A tsawon waɗannan watanni yankinmu ya rayu da rarar wutar da matatar SORAZ ke turowa ta layinta zuwa gari, da tashar megawat 22 ta kamfanin Istithmar, da tsofaffin injunan NIGELEC, da ɗan abin da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ke iya bayarwa da rana.

Ko babu siyasa a ciki, layin da ke ciyar da Katsina shi ne ke ciyar da Gazawa. A watan Oktoba 2024 jihohin arewacin Najeriya sun kwashe fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo masu wuta. Ɗan kasuwar Damagaram, wanda ba ya zaɓe a Najeriya, ba ya kuma da wakili a hukumar wutarta, jarinsa yana rataye da lafiyar turakun da ke dajin jihar Neja da Kaduna. Wannan haɗari ne na ƙasa baki ɗaya, gwamnatoci ne suka zaɓe shi saboda araharsa, kuma zaɓin yana da hujja a lokacinsa. Tambayar da ta shafe mu ita ce wa doka ta ɗora wa nauyinsa ranar da ya auku.

3. Dokar 2016: wa aka buɗe wa ƙofa?

Cikin shekara biyar Nijar ta sake fasalin dokokin lantarki kusan gaba ɗaya. A 2013 aka kafa ANPER don kai wuta karkara. Doka mai lamba 2015-58 ta 2 ga Disamba 2015 ta kafa ARSE, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi. Doka mai lamba 2016-05 ta 17 ga Mayu 2016 ta maye gurbin ta 2003, ta ba 'yan kasuwa masu zaman kansu damar gina tashar wuta su sayar, ta kuma tsara yadda mutum ko kamfani zai samar wa kansa wuta. A watan Oktoba 2017 aka fitar da sabon jadawalin farashi wanda ya fara aiki a Janairu 2018, da rangwame ga gidan da bai wuce kilowat-awa 50 a wata ba. A 2018 kuma aka yi dokar kwangilar haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da masu jari.

A yi adalci, aiki ne mai kyau. Ba don waɗannan dokoki ba, da wuya a ce tashar Istithmar ta Damagaram ko takwararta ta Gudel mai megawat 89 sun samu, kuma a damina da kakar 2023 mun ga ranarsu. Kamfanin da ke sayar da wuta ƙasa da abin da ya kashe ba ya iya gyara taransifoma, balle ya ja sabon layi zuwa Garin Malam ko Kara-kara, don haka ƙarin farashin 2018 ma yana da madafa.

To amma mu jera mutum biyu da dokar ta shafa. Na farko mai jarin da zai gina tasha. A ko'ina cikin duniya irin wannan mutum ba ya sauke inji sai an ba shi kwangilar shekaru masu yawa, da tsarin da farashinsa zai bi in mai ya tashi, da alkawarin za a biya shi kuɗin ajiye injin a shirye ko an ja wutar ko ba a ja ba, da wurin da zai kai ƙara in an saɓa. Ba laifi ba ne, banki ba ya ba da bashi sai da haka. Na biyu mai injin niƙa. Shi ma jari ya zuba, ya sayi mota mai aiki da wuta, ya biya kuɗin jona layi da na ajiya, ya ɗauki yara aiki. Abin da ke hannunsa takardar rajista ce da mita da takardar biya ta wata-wata. In ya yi jinkirin biya, ranar yanke masa wuta sananniya ce, kuɗin mayarwa ma sananne ne. In wutar ce ta yi jinkirin zuwa, ba shi da wata rana sananniya ko wani kuɗi sananne da zai nuna da yatsa.

Za a ce ai kare masu amfani da wuta yana cikin ayyukan da doka ta ɗora wa ARSE. Haka ne. Amma hukumar tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, kuma ƙorafin da za a kai mata sai an rubuta shi da Faransanci, da hujjar awa nawa aka yi babu wuta, wadda ba mai riƙe da ita sai kamfanin da ake ƙara. Haƙƙin da nemansa ya fi shi tsada, mai shago ba ya ƙirga shi cikin dukiyarsa.

Wani abu ya ƙaru a kan wannan. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da NIGELEC mallakarta ɗungurungum, ko da yake dama kusan dukan hannun jarin nata ne. Yanzu ke nan gwamnati ce mai kamfanin, ita ke naɗa masu sa masa ido, ita ke sa hannu a kan farashi, kuma ma'aikatunta suna cikin manyan masu shan wutar. Ba na cikin masu ganin mallakar gwamnati aibu ce a kanta. Kamfanin wutar Faransa ma na gwamnati ne. Sai dai in duk kujerun teburin na mutum ɗaya ne, buƙatar rubuta haƙƙin mai saye da baƙi ƙarara ta ninka.

4. Lissafin mai sana'a

Bari mu sauko kan kuɗi. A jadawalin 2018, kilowat-awa ɗaya ga ƙaramin mai amfani da wuta bai kai sefa 150 ba ko a mataki mafi tsada. Injin gazuwal mai lafiya yana shan kusan sulusin lita kafin ya ba da kilowat-awa ɗaya. A farashin 2024 na sefa 618 kowace lita, man kaɗai ya haura sefa 200, ba a sa baƙin mai ba, ba a sa makanike ba, ba a sa tsufan injin ba. Ƙaramin janareton fetur da teloli da masu aski ke amfani da shi ya fi haka ci. Saboda haka farashin da ke cikin jadawali na awannin da wuta ta zo ne kawai. Abin da mai sana'a ke biya a zahiri cakuɗa ce ta wannan da na janareto, kuma shi bai san yadda cakuɗar za ta kasance ba sai wata ya ƙare. Wanda bai san abin da zai kashe ba ba ya iya yanka wa abokin ciniki farashin wata uku, ba ya iya karɓar kwangilar ɗinka kayan makaranta da ranar bayarwa, banki kuma ba ya sauraronsa.

Asarar ma ba iri ɗaya ba ce. Tela yana iya ɗaga aikinsa zuwa dare in wuta ta dawo. Mai walda yana da yaran da zai ba kuɗin abinci ko an kunna inji ko ba a kunna ba. Mai ƙanƙara da mai kifi da mai ajiye allurai a kantin magani su kayansu ne ke lalacewa, jarin kansa ke narkewa. Kuma lokacin da wuta ta fi ƙaranci, wato bazara daga Maris zuwa Mayu sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka, shi ne lokacin kasuwarsu. Azumin 2023 da 2024 da 2025 duk a wannan tsakani ya faɗo. Akwai kuma wutar da ta zo ba ƙarfi, wadda a rahoto ana ƙirga ta a matsayin an ba da wuta, alhali ita ce ke ƙona motar inji da kwamfaresan firiji.

Asarar da ta fi damuna ita ce wadda ba ta bayyana a littafin kowa. Mutumin da ya tara jikkuna zai ƙara inji na biyu, sai ya saya janareto da su. Wanda ya yi niyyar kafa injin matsar gyaɗa ko ɗakin sanyi, sai ya ga gara ya sayi buhuna ya ajiye har farashi ya tashi. Fata da riɗi da wake da dabbobi suna bin hanyar Magarya da Matamai su tsallaka iyaka ɗanye, a sarrafa su a Kano. Wuta ba ita kaɗai ce sanadi ba, akwai girman kasuwar Najeriya da faɗuwar naira da sauransu. Amma garin da ya shahara da jima da dukanci tun ƙarni na 19, in yau attajirinsa ya fi son saye da sayarwa a kan sarrafawa, ba rashin basira ba ne. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

5. Matata a gida

An ƙaddamar da matatar SORAZ ranar 28 ga Nuwamba 2011, a ƙasar Ollelewa, kimanin kilomita 50 arewa da gari. Tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Kamfanin SONIDEP ne ke ɗaukar man da za a sha a cikin gida ya raba wa gidajen mai, gwamnati kuma ta yanke farashin lita, iri ɗaya a duk faɗin ƙasa.

A nan doka ta ba da abin da ɗan kasuwa ke so, har wani zamani. Litar fetur ta fara da sefa 579 a 2012, ta sauko 540 a 2013, ta zauna nan fiye da shekara goma. Mai motar haya da ɗan kabu-kabu sun san abin da za su kashe. Iskar gas ma ta samu: tukunyar kilo 6 a sefa 1,800 ta shiga gidajen da a da sai itace, ta kuma buɗe sana'ar dillancin gas ga mutane da yawa. A ganina wannan ce nasara mafi tsabta da matatar ta kawo wa talaka.

Sai dai farashin hukuma bai taɓa zama shi kaɗai a kasuwar Damagaram ba. Sa'ad da Najeriya ke biyan tallafin mai, fetur ɗinta ya fi namu araha, yana kuma shigowa ta kowace ɓarauniyar hanya. 'Yan ruwa-ruwa da kwalabensu a bakin titi sun zama rassan gidan mai da ba su da rajista. Fim ɗin Aisha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna yadda samarin Kara-kara ke sa rayuwarsu a wannan safara. Mai gidan man da ya biya patanti da lanho yana kallon mai kwalba a ƙofarsa yana kwashe masa ciniki, ya yi ta kuka. Abin da shi da hukuma ba su ƙirga ba shi ne, wannan man na fasa-ƙwauri yana ɗauke wa matatar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya soke tallafin. Ruwa-ruwa ya yi tsada, masu babura suka koma gidan mai. A watan Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta sauke fetur zuwa sefa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618.  Jama'a sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, rayuwa ta yi tsada. Amma an rage farashi ne a daidai lokacin da masu saye suka ƙaru, har man ya fara juyawa yana fita ta hanyar da a da yake shigowa. A watan Maris 2025 layukan motoci da babura suka cika gidajen mai a manyan garuruwa, jami'an SONIDEP da kansu suka ce man fasa-ƙwauri a da yana ɗaukar kusan rabin kasuwa, matatar kuma ba ta iya cike gurbin. A garin da ake ganin hasken matatar daga hanyar Tanut, wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Makamancin haka ya faru da gazuwal a 2022, sa'ad da araharsa ta jawo motocin maƙwabta har aka dakatar da fitar da shi, aka kuma ɗaga farashinsa daga 538 zuwa 668 a watan Agusta. Sau biyu ke nan cikin shekara uku dokar farashi tana aiki da kasuwar da ke cikin takarda, ta manta da iyakar da ke kilomita ɗari da 'yan kai daga nan.

Game da farashi ɗaya a ko'ina, ra'ayina a rabe yake. Adalci ne mutumin Bilma kada ya sayi lita ninki biyu don kawai yana nesa. Amma hakan na nufin kusancin Damagaram da matata bai ƙara wa mai masana'anta a nan komai ba, alhali nisan garin daga teku yana nan yana cin sa a kuɗin kowane inji da ya shigo da shi. A bar farashin lita yadda yake. Abin da za a iya yi shi ne ware wa masana'antun da suka yi rajista kaso tabbatacce na gazuwal da gas a lokacin ƙaranci, ta yadda wanda ya kafa inji kusa da matata ya san ba zai bi layi da jarka ba.

Dokar fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai da ma'adinai ta watan Agusta 2024, da korar manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai a Maris 2025, kowa da yadda ya karanta su. Ɗan kwangilar gida ya ga ƙofa, mai jarin waje ya ga gargaɗi. Dukansu biyu abu ɗaya zai kwantar masu da hankali: a buga jerin ayyukan da aka keɓe wa 'yan ƙasa, da sharuɗɗan samunsu, da wa'adin biyan wanda ya gama aiki.

6. Ruwa

Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta kaɗan ne. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da Faransawa suka bayar sa'ad da suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, bayan ya shekara 15 a nan. Ruwan da garin ke sha yau daga rijiyoyin Gogo da Machaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa ake turo shi, kuma injin turawa wuta yake ci. Ɗaukewar wuta a nan ɗaukewar ruwa ce bayan 'yan awanni.

Dokar 2000 ta raba harkar gida biyu, SPEN mai kayan aiki da SEEN mai rabawa, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da rinjaye a ciki tun 2001, har NDE ta gwamnati ta karɓa a Janairu 2024. An sauya mai gida, dutsen yana nan. Farashin fampo yana da rangwamen talaka, amma ranar da fampo ya ƙafe farashin da ke aiki na ɗan ga-ruwa ne, kuma mai tuwo-tuwo da mai wanki da majemi da mai buga bulo su ke biyansa. Ruwa da wuta kowanne da dokarsa da hukumarsa, alhali a wannan gari matsala ɗaya ce. Ya kamata doka ta tilasta wa kowace tashar tura ruwa samun wutarta ta kanta, ta hasken rana da batir ko inji, a sa kuɗin cikin jarin ruwa tun farko.

7. Gyaran da ba ya jiran sabuwar tasha

Maƙwabtanmu sun gwada abubuwa biyu da suka cancanci dubawa. Na farko, gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar lantarki ta Yuni 2023 sun ba jihohin Najeriya ikon yin dokar wutarsu. Wannan ba na ganin ya dace da mu. Nijar ba tarayya ba ce, layin Gazawa jihohi uku yake ciyarwa, kuma majalisun jihohi da na gundumomi an rusa su tun Afrilu 2024. Na biyu ya fi jan hankalina. A Afrilu 2024 hukumar wutar Najeriya ta ɗaga farashin rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225, bisa sharaɗin awa 20 na wuta a rana, layin da ya kasa cika sharaɗin kuma a sauke shi zuwa rukuni mai araha. Masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai na Kano sun yi kuka da tsadar, ana kuma ƙorafin awannin ba sa cika. Duk da haka an ɗaure farashi da awa, abin da ya ba mai saye igiyar da zai riƙe.

Ba sai mun kwafi farashinsu ba. Abin ɗauka shi ne ARSE ta wajabta auna awannin wuta a kan kowane layi na gari, a buga sakamakon kowane wata a rediyo da Hausa da Barbarci, kuma layin da ya faɗi ƙasa da wani mizani a rage wa masu sana'ar da ke kansa kuɗin wata-wata na dindindin kai tsaye cikin takardar biya, ba sai sun rubuta ƙorafi ba. Kuɗin ba zai mayar da kifin da ya ruɓe ba, amma zai sa ɗaukewar wuta ta fara bayyana a littafin kamfani.

Jadawalin rabon wuta kuwa ko sisi ba ya ci. NIGELEC takan ba da sanarwa in za ta yi gyara, amma alheri ne, ba wajibi ba. A lokacin ƙaranci, mai walda da ya san Zango za ta samu wuta daga safe zuwa azahar ya fi wanda aka ba awa goma a warwatse ba sanarwa. A sa wannan cikin ƙa'idar aiki, a kuma zauna da reshen Majalisar 'Yan Kasuwa da shugabannin sana'o'i kafin bazara a tsara shi. Tun da Majalisar Dokoki ba ta zama, dokoki suna fita ne a matsayin umarnin shugaban ƙasa, cikin sauri, ba tare da zaman sauraron jama'a ba. Saurin yana da amfani, amma sai an nemo wata hanyar jin ta bakin wanda dokar za ta hau kansa, in ba haka ba a maimaita abin da ya faru da farashin fetur.

Saura hasken rana. Tun 2017 aka sauke harajin duwan a kan kayan sola, kuma bayan Agusta 2023 farantan sun yawaita a rufin shaguna da gidaje. Matsala biyu ta bayyana. Kasuwa ta cika da batir maras inganci da zafin bazara ke kashewa da wuri, don haka rangwamen haraji ya kamata ya tafi tare da tantance inganci da garanti a rubuce. Sannan hanyar sayar da rarar wuta an shimfiɗa ta ne daidai da babba irin SORAZ. Attajirin da ya rufe sitonsa da faranti yana da wutar da ta fi ƙarfinsa da tsakar rana, maƙwabcinsa tela yana zaune da keke a kashe, kuma in ya ja masa waya ya karɓi kuɗi ya shiga hurumin da doka ta keɓe wa mai lasisin rabawa. Ana yin hakan a ɓoye, da wayoyi marasa kyau, a kasuwannin da gobara ba baƙuwa ba ce. Ƙaramin lasisi da za a iya karɓa a nan Damagaram, mai iyakar ƙarfi sananniya, da duba wayoyi kafin a kunna, da mita ga kowane shago, zai halatta wa ƙungiyar 'yan kasuwa ko mutum ɗaya ya raba wuta a cikin layin shaguna guda. Kasuwar Dole ta isa wurin gwaji: rufi yana da faɗi, masu saye suna jere, kuma yawancin cinikinsu da rana ake yin sa.